Igiyar Taba, da Magungunan da Likitoci Suka Gwada Domin a Kwance Ta

Ya kai mai karatu, ko kai sabon shiga ne cikin jama'ar masu bi, ko kuwa har yanzu tambayar hanya ka ke yi, wannan darasi naka ne in kana shan taba, naka ne kuma in da mai sha a gidanku. Mutane da yawa, sa'ad da suka ƙudura gyara zamansu, su kan bar giya, su bar caca, su bar zage-zage, sa'an nan su iske karan sigari, ɗan abin da bai kai tsawon yatsa biyu ba, ya gagare su. Su yi alkawari da dare, gari ya waye su karya. Daga nan sai kunya ta kama su, su koma sha a ɓoye bayan danga, suna cewa a ransu ba su da zuciya, ba su kuwa cancanci zama tare da mutanen kirki ba.

Ga abin da mu ke so ka gane. Taba cikin jiki ta ke ɗaure mutum, da igiya ta gaske wadda an san yadda aka tufka ta. Likitoci kuwa sun yi shekara fiye da 50 suna neman yadda za a kwance ta. Sun samo magunguna, sun gwada su bisa dubban mutane, sun ƙidaya waɗanda suka rabu da taba da waɗanda ba su rabu ba. Wanda ya san abin da suka gano ba zai shiga wannan yaƙi hannu wofi ba. Bari mu bi al'amarin daki-daki.

1. Yadda aka gane ɓarnar taba

A dā likitoci da kansu mashaya taba ne, ba su kuwa ɗauke ta abin tsoro ba. Amma ciwon daji na huhu ya yi ta ƙaruwa a Ingila har ya ta da hankali. Cikin 1950 wasu masana biyu a Landan, Richard Doll da Austin Bradford Hill, suka bayyana abin da suka samu bayan sun bi asibitoci suna yi wa majinyata tambayoyi. Cikin maza 649 masu ciwon daji na huhu, mutum 2 kaɗai ne ba su shan taba. Doll ma mashayi ne a lokacin, amma da ya ga inda ƙidayar ta nufa sai ya bari tun aikin bai ƙare ba.

Cikin 1951 suka aika wa likitocin ƙasar takarda suna tambayar kowa ko yana sha, kara nawa kuma. Likitoci maza fiye da 34,000 suka amsa, aka yi ta bin labarinsu har shekara 50, ana rubuta abin da ya kashe kowane ɗaya. Cikin 2004 aka fito da ƙarshen lissafin. Wanda ya sha sigari dukan ransa, kwanansa ya kan gaza na wanda bai sha ba da kimanin shekara 10, wajen rabin mashaya kuwa tabar ce ta ke zama ajalinsu. Amma ka lura da ɗaya gefen lissafin, gama a nan albishir ya ke. Wanda ya bari yana da shekara 30 ya fanshi kusan shekarun nan 10 duka. Wanda ya bari yana da 40 ya fanshi kimanin 9, mai 50 ya fanshi 6, har mai 60 ma ya fanshi 3. Ashe babu wanda ya tsufa da bari.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe mutum fiye da miliyan 7 kowace shekara, cikinsu kuwa fiye da miliyan 1 ba su taɓa sa kara a baki ba, hayaƙin wani suka shaƙa. Waɗannan su ne matar mashayi da 'ya'yansa da abokan ɗakinsa. Banda ciwon daji, taba tana jawo ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da toshewar numfashi, tana kuma buɗe wa tarin fuka ƙofa.

2. Dalilin da bari ya ke da wuya

Cikin ganyen taba akwai wani sinadari da a ke kira nikotin. Da mutum ya zuƙi hayaƙi, nikotin ya kan bi ta huhu ya shiga jini, ya isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20. A can akwai wasu 'yan gurabu waɗanda ya ke shiga kamar yadda mabuɗi ke shiga kwado. In ya shiga, ƙwaƙwalwa ta saki wani sinadari, dofamin, wanda ke sa mutum ya ji daɗi, ya kuma so maimaita abin da ya kawo daɗin. Ka yi lissafi da kanka. Mai shan kara 20 a rana, in kowane kara ya zuƙa sau 10, ya koya wa ƙwaƙwalwarsa karatu ɗaya sau 200 kafin ya kwanta. Wane almajiri ne za a biya wa karatu haka ya manta?

Da tafiya ta yi nisa ƙwaƙwalwa ta kan ƙara yawan gurabun nan, ta saba da cikarsu. Nikotin kuwa ba ya daɗewa cikin jini, cikin sa'a 2 rabinsa ya tafi. Sai gurabun su zauna wofi, mutum ya ji ransa ya ɓaci, hankalinsa ya rabu, ya rasa abin da ke masa daɗi. Ya kunna wani kara, ya ji sauƙi, ya ce taba ta kwantar masa da hankali. Alhali ita ce ta ta da hankalin tun farko. Tamkar mai ba da bashi da ruwa ce, wanda ya ranta maka yau domin ka biya shi bashin jiya, ka kuwa gode masa.

Ranar da mutum ya bari, ga abin da zai gamu da shi: saurin fushi, da rashin barci, da yawan jin yunwa, da kasala, da kwaɗayin taba mai zuwa yana komawa. Wahalar ta fi tsanani cikin makon farko, musamman kwana na biyu da na uku, yawancinta kuwa ta kan lafa cikin mako 2 zuwa 4. Masu bincike sun iske cikin mutum 100 da suka yi ƙoƙarin bari da ƙarfin kansu kaɗai, ba magani ba mataimaki, 3 zuwa 5 ne su ke kai wata 6 ko shekara ba su koma ba, galibin masu komawa kuwa cikin kwana 8 na farko su ke komawa. Saboda haka in ka gwada ka faɗi, ka sani abin da ya sami mafi yawan mutane ne ya same ka.

Wani likita a Landan, Michael Russell, ya bayyana cikin 1976 cewa nikotin ne ke jawo mutum ga taba, amma kwaltar hayaƙin ce ke kashe shi. Cikin hayaƙin sigari akwai sinadarai fiye da 7,000, wajen 70 daga cikinsu an san suna jawo ciwon daji. Wannan rarrabewa tsakanin abin da ke ɗaurewa da abin da ke kashewa ita ce ta share wa magani hanya.

3. Yadda a ke gwada magani

Kafin mu ambaci magungunan, ya kamata ka san yadda likitoci ke rarrabe magani na gaskiya da na ƙarya, gama wannan sani zai tsare aljihunka. A kan tara mashaya ɗaruruwa ko dubbai waɗanda suka yarda a yi gwaji da su, a raba su kashi biyu da ƙuri'a, domin kada likita ya zaɓi masu ƙwazo ya sa su gefe ɗaya. Kashi ɗaya a ba su maganin, ɗaya kashin a ba su ƙwaya mai kama da shi wadda ba kome cikinta. Mai sha bai san wadda aka ba shi ba, mai bayarwa ma bai sani ba. Bayan wata 6 ko shekara sai a ƙidaya waɗanda suka bari a kowane kashi. Ba a kuwa dogara ga bakin mutum kaɗai, a kan auna numfashinsa ko yawunsa, gama alamar taba tana fitowa a ciki. Hill ɗin nan da muka ambata yana cikin waɗanda suka kafa wannan hanya ta ƙuri'a, sa'ad da aka gwada maganin tarin fuka cikin 1948.

To, in mai talla ya tsaya a kasuwa da kwalba yana cewa maganinsa yana raba mutum da sigari cikin kwana uku, ka tambayi kanka: mutum nawa aka ba, da wa aka gwama su, wa ya ƙidaya bayan shekara? Shaidar mutum biyu ko uku ba ta isa ba, gama ko ba magani akwai 'yan kaɗan da za su bari.

4. Magunguna huɗu da suka ci gwaji

Na fari, nikotin ba tare da hayaƙi ba. Cikin 1967 wani likita a ƙasar Suwidin, Claes Lundgren, ya lura da sojojin jiragen yaƙi masu tafiya ƙarƙashin ruwa. Ba a yarda su kunna taba cikin jirgi ba, sai su sa taba gari a baki, su yi aikinsu lafiya. Ya rubuta wa wani masanin haɗa magunguna, Ove Fernö, ya ba shi shawara a nemi hanyar ba mutum nikotin mai tsabta. Daga nan aka yi cingam mai nikotin, wanda aka sa wa suna Nicorette, aka fara sayar da shi a Suwizalan cikin 1978, Amurka kuwa ta yarda da shi cikin 1984. Daga baya aka yi filasta da a ke mannawa a fata, da alewar tsotsa, da na fesawa a baki. Cikin 2018 aka tattara gwaji fiye da 130 da aka yi bisa mutum fiye da 64,000, aka iske wannan magani yana ƙara yawan masu bari da kashi 50 zuwa 60 cikin 100. Wato inda mutum 10 za su bari, sai 15 ko 16 su bari. An kuma iske wanda ya haɗa biyu, filasta mai aiki a hankali dukan yini da cingam ko alewa domin sa'ad da kwaɗayi ya taso, ya fi mai amfani da ɗaya samun nasara. Ba a tauna cingam ɗin kamar na yara, a kan tauna kaɗan har a ji yaji, sa'an nan a ajiye shi a kumatu. A kan yi mako 8 zuwa 12 ana amfani da shi, ana ragewa sannu sannu. Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya yi amfani da kaɗan ƙwarai, ko ya daina tun lokaci bai yi ba.

Na biyu, bufurofiyon. Asalinsa maganin ciwon baƙin ciki ne. Wata likita a asibitin tsofaffin sojoji a Kalifoniya, Linda Ferry, tana cikin waɗanda suka fara gwada shi bisa mashaya, aka ga yana rage kwaɗayin taba. Cikin 1997 Amurka ta yarda a sayar da shi domin wannan aiki da sunan Zyban. Ƙarfinsa ya yi kusa da na filasta. Amma ba a ba mai farfaɗiya, gama cikin mutum 1,000 masu shansa wajen 1 ya kan yi jijjiga.

Na uku, sitisin. Daga 'ya'yan wani itace mai fure rawaya na ƙasashen Turai a ke samunsa. Yana shiga gurabun nan na ƙwaƙwalwa kamar mabuɗin da ya buɗe ƙofa rabi, ya rage kwaɗayi, ya kuma tare wa nikotin wuri. An fara sayar da shi a Bulgeriya cikin 1964 da sunan Tabex, mutanen gabashin Turai suka yi ta amfani da shi shekaru da yawa sauran duniya ba ta kula ba. Cikin 2011 aka bayyana gwajin da aka yi a birnin Waso na ƙasar Folan bisa mutum 740. Bayan shekara, kimanin 8 cikin 100 na masu shan sitisin ba su koma taba ba, na ƙwayar wofi kuwa kimanin 2. Cikin 2014 wani gwaji a Niyu Zilan bisa mutum 1,310 ya gwama shi da nikotin mai tsabta, bayan wata ɗaya 40 cikin 100 na masu sitisin sun bari, na ɗaya kashin 31. Kwana 25 a ke shansa bisa tsohuwar ƙa'ida, yana kuwa da araha a inda a ke yinsa. Ka ga likitoci ba su raina itatuwa, gwadawa su ke yi su auna. 'Ya'yan itacen nan dafi ne in an ci haka nan, awo ne ya mai da su magani.

Na huɗu, baranikilin, wanda aka sani da Champix ko Chantix. Masana sun dubi ƙirar sitisin suka ƙera shi bisa misalinta, aka yarda da shi cikin 2006. Ba a daɗe ba aka fara jin labarin wasu masu shansa sun shiga baƙin ciki ko sun yi tunanin kashe kansu, har cikin 2009 hukumar magunguna ta Amurka ta sa a buga babban gargaɗi a kwalinsa. Ba a tsaya ga jita-jita ba, aka shirya babban gwaji a ƙasashe 16 bisa mutum 8,144, wajen rabinsu masu ciwon da ya shafi hankali ne tun dā. Aka raba su kashi huɗu. Sakamakon ya fito cikin 2016, ba a ga maganin ya ƙara irin wannan cuta ƙari mai ma'ana ba, aka kuwa cire gargaɗin a ƙarshen shekarar. Ga ƙidayar waɗanda ba su koma taba ba har wata 6: masu baranikilin kimanin 22 cikin 100, masu bufurofiyon 16, masu filasta 16, masu ƙwayar wofi 9. Mako 12 a ke shansa, abin da ya fi damun masu sha kuwa shi ne tashin zuciya da mafarkai barkatai. Cikin 2021 aka janye Champix daga kasuwa saboda wani gurɓata da aka samu cikin ƙwayar, daga baya wasu kamfanoni suka fito da nasu.

Cikin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagorarta ta farko bisa wannan jinya ga manya, ta kuwa ambaci waɗannan huɗu. Ka dubi ƙidayar da idon basira. Ko mafi ƙarfinsu, cikin mutum 5 wajen 1 ya ke kaiwa ga nasara a gwaji guda. Magani ba ya ɗauke yaƙin, ƙara ƙarfin mayaƙi ya ke yi.

5. Sigarin lantarki da sauransu

Za ka ji ana maganar sigarin lantarki, wanda ke fitar da tururi mai nikotin ba tare da ƙona ganye ba. Cikin 2019 aka bayyana gwaji a Ingila bisa mutum 886. Bayan shekara, 18 cikin 100 na masu sigarin lantarki sun bar taba, na masu filasta da cingam kuwa kimanin 10. Amma cikin waɗanda suka bari ta hanyarsa, 80 cikin 100 suna nan suna zuƙarsa har shekarar ta cika. Masana sun rabu a kansa. Hukumomin lafiya na Ingila suna ba mashaya shawarar gwada shi, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ba ta sa shi cikin magungunan da ta amince da su ba, tana kuma tsoron ya kama yara. Wanda bai taɓa shan taba ba, kada ya kusance shi.

Kada kuma ka ce za ka bar sigari ka koma shisha, ko lofe, ko taba gari. Igiyar ɗaya ce, cutar ma tana nan. Rage yawa kuwa bai isa ya zama masauki ba. Binciken da aka bayyana cikin 2018 ya nuna mai shan kara ɗaya tak a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya na mai shan 20.

6. Magana ma magani ce

Russell ɗin nan ya yi wani gwaji da aka bayyana cikin 1979, tare da likitoci 28 a Landan da mashaya fiye da 2,000 masu zuwa asibiti domin wasu cututtuka dabam. Waɗanda likita ya ce musu su bari, ya ba su 'yar takarda, ya kuma gaya musu za a sake tambayarsu, kimanin 5 cikin 100 suka bari har shekara. Waɗanda ba a ce musu kome ba, 3 cikin 1,000 ne kaɗai. Maganar da ba ta fi minti biyu ba ta yi wannan aiki. Cikin 2011 kuma aka gwada saƙonnin ƙarfafawa ta wayar hannu bisa mutum 5,800 a Birtaniya, masu bari suka tashi daga kimanin 5 zuwa kusan 11 cikin 100. Abin da bincike ya tsaya a kai shi ne, magani tare da mutum mai tallafawa ya fi kowannensu shi kaɗai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

7. Ko neman magani rashin bangaskiya ne?

Waɗansu sababbin masu bi su kan yi wannan tambaya, suna tsammani wanda ya dogara ga Allah da gaske addu'a kaɗai ta ishe shi. Ya ɗan'uwa, manomi ya kan roƙi ruwa, ba ya kuwa jingine fartanya. In zazzaɓi ya kama ɗanka, ka kan yi addu'a ka kuma kai shi asibiti, ba wanda zai ce ka yi shakka. Luka, wanda ya rubuta ɗaya daga cikin Bishara huɗu, likita ne. Jikinka amana ce a hannunka, haka kuma lafiyar matarka da ta 'ya'yanka, da kuɗin da ke ƙonewa alhali ana bukatarsa domin hatsi da makaranta. Mai riƙon amana ba ya ƙin kayan aiki mai kyau domin a yabi ƙarfinsa. Akwai waɗanda suka yar da taba rana ɗaya ba su ƙara waiwayarta ba, mu yi murna tare da su. Amma kada su mai da labarinsu sandar dukan wanda nasa ya yi wuya.

8. Abin da za ka yi

Ka je wurin likita ko ma'aikacin lafiya, ka gaya masa gaskiya, gama ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka faɗi kara nawa ka ke sha, da lokacin da ka ke kunna na farko, domin wanda ke kunnawa cikin rabin sa'a bayan tashi daga barci igiyarsa ta fi ƙarfi, zai kuwa bukaci awo mafi girma. Ka faɗi dukan ciwon da ka ke da shi da magungunan da ka ke sha. Mace mai ciki ko mai shayarwa kada ta sha ko ɗaya daga cikin waɗannan sai da izinin likita. Ba kowane kantin magani ke da su ba, wasu kuwa suna da tsada, amma ka lissafta kuɗin tabar wata 3 tukuna kafin ka ce ba za ka iya ba.

Ka tsai da rana cikin mako 2 masu zuwa, ka gaya wa mutanen gida da aboki ɗaya amintacce. Daren jajibirin ranar ka fitar da sigari da ashana daga ɗaki da aljihu. Ka duba lokatan da hannunka ya saba kai wa ga taba, bayan cin abinci ne, ko wurin mai shayi, ko majalisar dare, ka shirya abin da za ka yi maimakonta, ka kuma ƙaurace wa zaman mashaya har makonnin farko su wuce. In kwaɗayi ya taso, ka sani 'yan mintoci ya ke yi ya sauka, ko ka sha ko ba ka sha ba. Ka sha ruwa, ka tashi ka taka, ka yi addu'a, ka kira abokin nan naka. Ka riƙe ƙa'ida ɗaya, ko zuƙa guda babu, gama kara ɗaya ya kan farkar da gurabun nan duka.

Lada ba ta jinkiri. Cikin yini guda iskar guba ta hayaƙi ta kan ragu cikin jininka ta koma daidai. Cikin makonni numfashi ya fara sauƙi, ka fara jin ɗanɗanon miya da ƙanshinta. Bayan shekara, ƙarin haɗarin ciwon zuciya ya kan ragu da kusan rabi. Mai yiwuwa ne ka ƙara nauyi kilo 4 ko 5, wannan kuwa ƙaramin abu ne in an gwama da cutar da ka tsere wa. Binciken da aka tattara cikin 2014 ya nuna waɗanda suka bari damuwarsu da baƙin cikinsu sun ragu bisa na waɗanda suka ci gaba da sha.

9. In ka faɗi, da abin da ya wajaba ga 'yan'uwa

In ka koma, kada ka ɓoye, kada kuwa ka ce shi ke nan. Yawancin waɗanda suka rabu da taba har abada sun gwada sau da dama kafin su dace. Ka duba abin da ya kā da kai, fushi ne, ko biki, ko daina magani da wuri, ka koma wurin likita ka sake sa rana. In magani ɗaya bai yi maka ba, akwai wani.

Ku kuma 'yan'uwa waɗanda ba ku sha, ga rabonku. Kada ku yi ta shinshina ɗan'uwa kuna kallonsa a wulaƙance, gama kunya ita ke kai mutum bayan danga, a can kuwa ba mai taimako. Ku yi haƙuri da fushinsa cikin makonnin farko, ku tambaye shi kwana nawa ya yi, ku raka shi asibiti, in hali ya yi ku taimaka da kuɗin magani. Kada ku aiki yaro sayen sigari. A Nijeriya dokar 2015 ta hana sayar da taba ga wanda bai kai shekara 18 ba, amma dokar gida ta riga ta hukuma isa wurin yaro. Mafi yawan mashaya tun suna samari suka fara, icce kuwa tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Tambayoyi domin bita

1. Shekara nawa mai barin taba yana da 40 ya ke fansa, nawa kuma mai 60?
2. Don me mashayi ke jin taba ta kwantar masa da hankali?
3. Me ya sa a ke raba masu gwaji da ƙuri'a?
4. Faɗi magunguna huɗu da suka ci gwaji, da wanda ba a ba mai farfaɗiya.
5. Wace amsa za ka ba ɗan'uwan da ya ce neman magani rashin bangaskiya ne?
6. In kana sha, wace rana ka tsayar, wa kuma za ka gaya wa yau?